Ƙayar Aduwa a Hanyar Damagaram

Inna ce ta fara cewa mu shiga mota. Ta ce ga tasha nan, motocin Damagaram na lodi kullum, mene ne na ɗaukar babur mutum biyu da kaya niƙi-niƙi kamar masu ƙaura? Na ce mata tafiyar daga Kano ba ta wuce kilomita 240 ba, in muka fita bayan asuba, a gidan Kawu za mu yi la'asar. Ta dube ni, ta dubi babur ɗin, ta ce Allah ya tsare. Irin Allah ya tsaren nan da uwa ke yi idan ba ta gamsu ba, amma ta ƙudurta ba za ta ƙara magana ba.

A Disambar 2018 ne, watanni kafin a rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019. Ɗan Kawu za a ɗaura wa aure ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci, mu kuma muka shirya tashi ranar Alhamis, ni da ƙanina. Babur ɗina Boxer ne, shekararsa biyu a hannuna, bai taɓa kunyata ni ba. Ana gobe tafiya na je Ƙofar Ruwa na sayi famfon hannu, liba biyu na ɓamɓare taya, da ɗan kwalin faci mai sholisho a ciki. Mai shagon ya ɗauko sabon tif ya ce in haɗa da shi. Muka yi ciniki, naira ɗari ta raba mu, na ajiye masa abinsa na fito ina jin na yi wayo. A baya muka ɗaure turmin atamfa uku, da jakar kayanmu, da bokitin alkaki da dubulan da Inna ta kwana biyu tana yi. Ƙanina ya zauna a ɗan wurin da ya rage. Duk nauyin nan a kan tayar baya ya sauka, ita kuwa zanenta ya fara shafewa tun damina.

Dokar hana goyo a babur da aka kafa a Kano a farkon 2013 ta yi sanyi a lokacin, amma ban son jayayya da kowa da sassafe, sai na sa ƙanina ya hau adaidaita ya jira ni a Dawanau. Daga nan muka miƙa. Sanyin hunturu ya huda safar hannu, hazo ya rufe gonaki, ba ka ganin komai sai kan bishiyoyi. Dambatta muka wuce ba tsayawa. A Kazaure muka sha shayi da burodi muna kallon duwatsu, yatsuna suka dawo hayyacinsu a jikin kofi. Da hantsi muna Daura. Ƙanina ya so mu ratsa ta rijiyar Kusugu ya ɗauki hoto, na ce sai a dawowa, lokaci nake tattali. Na tuna wannan maganar daga baya, ina zaune a rairayi.

A Kongolam, bakin iyakar Nijar, na canza kuɗi zuwa sefa. Muka nuna katin shaida da takardun babur, a Ɗan Barto 'yan duwan, wato kwastan ɗin can, suka rubuta mana takardar shiga da shi, muka wuce. Ba a ɓata mana lokaci ba.

Abin da ya fara ɗaukar idona a ƙasar Nijar shi ne gawo. Gonakin gero an girbe su, ƙasa ta yi fari fat, amma ga gawo nan birjik, kore shar, a tsakiyar rani. Shi dama haka yake, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo, shi ya sa manomi ba ya ƙinsa a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Mutanen yankin suna cewa tun zamanin Sarki Tanimu aka hana sare shi a ƙasar Damagaram. A Matamaye muka sayi rake, wanda ake nomawa a fadamun wajen, muka soke shi a cikin igiyar kaya.

Bayan Matamaye kaɗan azahar ta yi. Ga gawo iya ganinka, amma wadda ta fi kusa da kwalta wata aduwa ce, mai inuwa daidai mutum biyu. Maimakon in ajiye babur a bakin hanya, sai na gangara da shi har gindinta, wai kada rana ta narkar da alkaki. Makiyaya sun sassaro rassanta sun zubar wa awaki, awaki sun cinye ganye sun bar ƙaya. Na gani da idona. Har na ture wani reshe da ƙafa kafin in shimfiɗa darduma. Muka yi sallah, muka sha rake, ƙanina ya tsinci 'ya'yan aduwa yana tsotsa yana yamutsa fuska, muka hau.

Ba mu yi tafiyar minti goma ba ya taɓa kafaɗata.

"Yaya, ƙasa nake ji."

Ni ma na ji. Gindin babur ya fara lilo, kamar wani na riƙe da shi ta baya yana kaɗawa hagu da dama. Duk wanda tayar baya ta taɓa sace masa yana gudu ya san wannan rawar. Abin da zuciya ke cewa shi ne ka taka birki, kuma shi ne abin da ke kayar da mutum. Na saki totur a hankali, na bar shi ya rage gudu da kansa, na ɗan taɓa birkin gaba har muka tsaya a gefe. Tayar ta kwanta, ta yi faɗi kamar takalmin da aka taka.

Gaskiya ban ji tsoro ba, har wani daɗi-daɗi na ji, don ga ranar da kayan da na saya za su yi amfani. Muka sauke kaya, na ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, muka sa dutse a ƙarƙashi don kada ta nutse a rairayi. Na sha ganin masu faci a unguwarmu suna gyara tayar babur ba tare da sun kwance wili ba: su ɓamɓare gefe ɗaya, su zaro tif ta nan, su yi faci, su mayar. Na ce haka zan yi, wa zai tsaya kwance sarƙa da birki a daji. Na cire notin bawul, na sa liba, ta kuɓuce ta daki ɗan yatsana, na sake sawa. Ƙanina na riƙe da ɗaya, ni ina bi da ɗaya, har bakin tayar ya fito. Na zaro tif, na ɗan ba shi iska. Babu kwano, babu ruwan da za a ɓata, sai na riƙa juya shi kusa da leɓena har na ji wata siririyar iska mai sanyi. Na tofa yawu a wurin, ya yi kumfa. Ƙofar ba ta kai kan allura ba.

Na kankare wurin, na shafa sholisho, na jira ya sha iska kamar yadda aka rubuta a kwalin, na manna faci na danne shi da gindin sifana. Na duba bayan tayar, na juya ta sau biyu, ban ga ƙusa ba, ban ga komai ba. Na zura hannu ciki iya inda ya shiga, na ɗan shafa, na ce abin da ya huda ta ya fita. Muka mayar, muka yi ta bugun famfo ni da ƙanina bi da bi, irin ƙaramin famfon nan da sai ka yi bugu ɗari biyu kafin taya ta san ana yi. Da ta yi tauri na buga ta da ƙafa, na ce masa, "Ka ga amfanin shiri." Bai ce komai ba, yana ɗaure bokiti.

Kilomita uku muka yi, ko ma ba su cika ba.

Wannan karon ban sauka da karsashi ba. La'asar ta yi, rana ta karkata, sholishon da ya rage ba zai rufe ƙofar tururuwa ba, don na zuba shi da yawa a na farko. Waya babu sabis, layin Najeriya ya mutu tun bayan Ɗan Barto. Motoci na wucewa jifa-jifa, cike maƙil, wasu har da mutane a kan kaya, su ɗaga mana hannu su wuce. Ƙanina ya ce mu hau haka nan a hankali har gari na gaba. Na ƙi. Taya ba iska in ka hau ta, tif ɗin yana zamewa a ciki ya tsinke daga gindin bawul, daga nan kuwa babu facin da zai yi masa magani, ga shi kana iya lanƙwasa wili. Sai na tayar da inji, na sa giya ta ɗaya, ina tafe a gefensa ina riƙe da kai, ƙanina na biye da bokitin alkaki a ka. Da Inna ta gan mu a lokacin, ba sai ta ce komai ba.

Mun yi kamar rabin sa'a a haka, sai ga amalanke ya fito daga wata gona, shanu biyu na ja, an ɗora karan gero, wani yaro da bai wuce shekara goma sha huɗu ba yana zaune a sama. Ya tsaya da kansa.

"Sannunku. Mi ya samu moton?"

Na ce faci. Ya ce akwai mai gyara a garinsu, ya nuna da sandarsa wajen gabas, inda ban ga komai ba sai gawo. Ya kira wasu mutum biyu da ke ɗaure kara a gonar, muka sauke rabin lodin, mu huɗu muka cicciɓi babur muka kwantar da shi a kan sauran, na rufe famfon mai don kada ya tsiyaye. Haka Boxer ɗina ya shiga garin, a kwance kan kara kamar mara lafiya, yara na biye da mu.

Mai gyaran dattijo ne, farar gemu, siriri, yana zaune a ƙarƙashin rumfar zana. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: rabin jarka da aka yanka an zuba ruwa, ruwan ya yi baƙi, tsofaffin tif a rataye, famfon ƙafa, awartaki, da wani ƙarfe mai dunƙulen noti a sama wanda ban gane amfaninsa ba sai daga baya. Yawancin aikinsa tayoyin amalanke ne da kekuna. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida, ya sa aka kawo mana ruwa, sannan ya dubi babur.

"Ɗana, kwance wilin."

Na ce, "Baba, ai ba sai an kwance ba, ta gefe ma ana zarowa."

"Ana zarowa," in ji shi. "Kwance."

Na kwance. Notin sandar birki, ƙarfen da ke riƙe da farantin birki, babban notin tsakiya, na zare sandar, na kauda sarƙa. Wani ɗan ƙaramin ƙarfe da ke tsakanin wili da firam ya faɗa rairayi, yara biyar suka duƙa nemansa, wata yarinya ta tsinto. Dattijon ya karɓi wilin, ya taka bakin tayar da diddige, liba biyu uku sai ga taya a hannu ɗaya, tif a ɗaya. Ya ba tif iska ya nutsa shi a jarka yana juyawa taki-taki. Da ya zo kan facina na daina numfashi. Babu kumfa. Ya matsa da faɗin yatsa ɗaya, sai ga 'yan ƙwayoyin iska suna tasowa a jere.

Ya sa farce ya gwada gefen facin nawa, bai ɗago ba.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne.

"Ya kamu. Aiki mai kyau." Ya ajiye tif ɗin a cinyarsa. "Ka shafa cikin tayar?"

Na ce na shafa. Ƙanina ya yi tari.

Bai musa mini ba. Ya miƙa hannu cikin wani gwangwani ya ɗauko ɗan guntun auduga, ya ja ta ta yi laushi, ya fara shafa cikin tayar da ita a hankali, yana zagayawa. Can sai audugar ta maƙale, zare biyu uku suka tsaya a wuri ɗaya. Ya kama wurin da hannu biyu ya lanƙwasa tayar ta ciki, kamar mai ɓare goro, sai ga wani ɗan tsini ya leƙo. Ya ce in taɓa. Na taɓa, ya soke ni. Ya ce idan taya tana sake, robar na rufe kan ƙayar, yatsa ya bi ta kai bai ji ba, sai an hau an danne ta sannan take fitowa ta yi aikinta ta koma. Ta waje kuma ta karye daidai da fatar tayar, ƙura ta rufe, ko da fitila ba za ka gani ba. Ya tura ta da tsinin ƙusa, ya kama da awartaki ya zaro. Ƙayar aduwa ce, ba ta kai gaɓar yatsa ba, har yanzu da ɗan korenta. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"A gindin aduwa kuka huta?"

Yara suka fashe da dariya tun kafin in amsa.

Facinsa ba irin nawa ba ne, na wuta ne. Ya kankare wurin da guntun zarto, ya yanko ɗanyen roba ya ɗora, ya rufe da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari. Ya sa a cikin ƙarfen nan mai noti, ya kifa wani tsohon fistan na mota a kai, ya murɗa har ya matse. Ya ce in ba shi fetur kaɗan. Na tsiyayo masa a murfin gora, ya zuba a cikin kwarmin fistan ɗin ya ƙyasta ashana. Wuta ta ci ta mutu, bai taɓa ba. Na miƙa hannu, ya ce bari ya huce, roba ba ta son gaggawa. Da ya kwance, facin ya narke ya zama jiki ɗaya da tif, ba ka gane inda ya fara. Kafin ya mayar ya barbaɗa wa tif ɗin ɗan toka mai laushi, ya ba shi iska kaɗan don kada liba ta cije shi, ya daidaita bawul ya tsaya a miƙe. Ya dubi zanen tayar ya ce wannan ta kai ni Damagaram, amma kada in dawo da ita.

Na tambayi kuɗinsa. Ya ce dala sittin.

Na lalubo ƙwandalar sefa 100 na miƙa masa, na ce ya riƙe canjin. Wurin ya yi tsit, sannan wani mutum da ke jingine da amalanke ya riƙe ciki. Dattijon ya juya kuɗin a hannunsa ya ce, "Ɗana, wannan dala ashirin ce." Ashe a can ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai a Hausa, da dala ake lissafi, kowace dala sefa 5. Dala sittin sefa 300 ke nan, dala metan kuwa ita ce jika, wato sefa 1,000. Na sha jin Kawu yana cewa jika biyu, jika uku, ban taɓa tsayawa na tambaya ba. Na ba shi 500, ya ƙirgo mini dala arba'in ya dawo da su, na ce ya bari, ya ƙi. Yaron amalanken ma da ƙyar ya karɓi rake biyu.

Kafin mu gama ɗaura wili an kira magariba. Na ce za mu wuce, saura tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba. Dattijon ya ce da dare akwai jakuna da amalanke marasa fitila a kan hanya, kuma tayar da ta yi faci biyu a yini ɗaya ba a gwada ta da duhu. Wannan karon ban yi gardama ba. A zaurensa muka kwana. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, muka ci da shi a akushi ɗaya. Na ce wa ƙanina ya buɗe bokitin Inna, muka ɗebo alkaki aka shiga da shi cikin gida, muka ji mata suna ta sa albarka ta bayan danga.

Muna hira na tambaye shi inda ya koyi sana'ar. Ya ce a Kano. Yana saurayi ya yi shekaru yana zuwa cin rani, a Fagge, wajen wani mai faci da ke bakin titi, shi ne ya nuna masa dabarar auduga. Ya tambaye ni ko Kantin Kwari na nan, na ce yana nan, ya ƙara girma har ba ka gane shi. Ya yi shiru, ya ce rabonsa da Kano tun ana kashe sule da sisi. Na kwanta a tabarma ina jin shanu na tuƙa a waje, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin asabari, ina tunanin mai shagon Ƙofar Ruwa da naira ɗarinsa.

Da asuba abin da na fara yi shi ne matsa tayar da babban yatsa. Tana nan daram. Muka yi sallama, yaron amalanke ya raka mu har kwalta a guje. Kance muka wuce gari bai gama wayewa ba. A Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Maraɗi, muka karya dama. Duk ramin da na gani sai in kauce masa kamar mai ɗauke da ƙwai, duk bayan 'yan mintuna in ce, "Yaya ka ji ta?" ƙanina ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Muka wuce Tirmini, inda sojojin Faransa suka yi karo da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, ban ko rage gudu ba. Can sai ga manyan duwatsun Damagaram, masu kama da an jera su da hannu, gari na kwance a tsakaninsu. Gidan Kawu a Birni yake, bayan fadar Sarki, cikin lungunan da babur kaɗai ke iya ratsawa. Ƙarfe tara saura muka tsaya a ƙofar gida.

Kawu ya fito da waya a kunne. Inna ce, tun daren jiya take kira. Ya miƙo mini, na yi sallama, na fara bayani. Ta ce, "Alkakin ya isa lafiya?" Na ce ya isa, sai ɗan abin da muka taɓa. Ta ce to, ba ni ƙaninka.

An ɗaura aure bayan Juma'a, aka yi addu'a, aka raba goro da dabino. Ranar Asabar na tura babur kasuwa na sa aka saka sabuwar taya, 3.00-17, na sayi tif biyu ban yi ciniki ba. Ƙayar kuwa ƙanina ya karɓe ta tun a hanya ya sa a kwalin ashana. Duk inda na juya a gidan biki sai in hango shi a tsakiyar samari yana buɗe kwalin. Da rana na ji yana cewa tsawon yatsa ce, sauran ya karye a ciki. Bayan isha'i, a ƙofar gidan ango, na ji ta kai taƙi guda, kuma wai shi ya ce mini kada mu tsaya a gindin aduwar.